Duba ayyukan da ke gudana a Linux daga layin umarni: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu riƙe da saba ne ko kwamfutar da ke kan Linux, musamman Ubuntu da Debian, waɗanda ba su da komai a gabansu sai baƙin allon taminal. Duk inda aka ce "aiki" a nan, ana nufin manhajar da aka tayar tana gudana, wadda tsarin ya ba ta lamba, ya kuma yankar mata wuri a RAM. Wannan lambar ita ce PID. Manhaja ɗaya kan haifi ayyuka da yawa, shi ya sa za ka ga sunan nginx ko chrome ya fito sau goma a jere. Akwai bayanin Windows da macOS da Android a ƙasa.

Na buga `ps` sai na ga layi biyu kacal. Ina sauran?

Suna nan. Idan ba a haɗa masa komai ba, `ps` ayyukanka kawai yake nunawa, su ma waɗanda ke ɗaure da taminal ɗin da kake ciki. Yawanci `bash` ne da shi `ps` ɗin kansa. Don ganin na kowa da kowa, buga `ps aux` ko `ps -ef`. Idan layukan sun wuce allo, ƙara `| less` a ƙarshe, ka riƙa sauka da maɓallan kibiya, ka fita da `q`.

Wanne ya fi, `ps aux` ko `ps -ef`?

Ayyuka iri ɗaya suke lissafowa, bambancin a ginshiƙai yake. Salon `aux` da ba shi da karan ɗori gadon BSD ne, `-ef` kuma gadon System V ne, kuma `ps` na Linux da ke cikin kunshin procps yana jin yaren gidajen biyu. `aux` yana ba da yawan CPU da RAM. `-ef` ba ya ba da RAM, amma yana da PPID, wato lambar aikin da ya haifi wannan. In na'ura ce ta yi nauyi kana neman mai cinta, ɗauki `aux`. In kana neman wanda ya tayar da wani abu ne, ɗauki `-ef`.

Abin da ya fi duka biyun shi ne ka zaɓi ginshiƙanka da kanka:

```
ps -eo pid,ppid,user:20,stat,etime,rss,cmd --sort=-rss | head -n 15
```

Wannan zai jero ayyukan da suka fi cin RAM daga sama, da tsawon lokacin da kowanne ya yi yana raye. An sa `user:20` ne saboda `ps` kan yanke sunan asusun da ya wuce haruffa 8, ya liƙa masa `+`. In kuma umarnin ne ya yanke a bakin allo, `ps auxww` zai fito da shi cikakke.

Me ginshiƙan `ps aux` ke nufi?

Ga misali daga saba mai RAM gigabait 4:

```
USER       PID %CPU %MEM     VSZ    RSS TTY STAT START   TIME COMMAND
root         1  0.0  0.3  167800  11900 ?   Ss   Jan12   1:41 /sbin/init
root         2  0.0  0.0       0      0 ?   S    Jan12   0:00 [kthreadd]
mysql      912  2.1 14.8 2410500 598000 ?   Ssl  Jan12 310:22 /usr/sbin/mysqld
www-data 20417  0.4  1.1  221300  45200 ?   S    09:15   0:07 php-fpm: pool www
```

PID 1 shi ne kakan kowa. A Ubuntu tun sigar 15.04, a Debian tun sigar 8, duka a 2015, systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin na'ura, ne ke zaune a wannan kujera ko da an rubuta `/sbin/init`. PID 2 uwar ayyukan kenel ce, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urar. Sunan da ka gani cikin baka mai kusurwa kamar `[kworker/0:1]` yawanci na kenel ne, VSZ da RSS ɗinsa sifili ne, kuma ba abin taɓawa ba ne.

VSZ da RSS duka da kilobait ake ƙirga su. VSZ filin da aikin ya kama suna ne, ko ya gina ko bai gina ba. RSS kuwa shi ne abin da yake zaune a kai a RAM yanzu. Dubi mysqld a sama: ya kama sama da gigabait 2, amma abin da yake riƙe da shi bai kai megabait 600 ba. Mutane da yawa kan tsorata da VSZ a banza. Manhajojin Java da Go da Chrome kan nuna VSZ mai ban tsoro alhali lafiyarsu ƙalau.

Alamar `?` a TTY na nufin aikin ba shi da taminal, a bayan fage yake gudana. TIME ba shekarun aikin ba ne, jimillar lokacin da ya shafe a kan CPU ne. Minti 310 na mysqld an tara su ne a cikin kwana goma.

STAT shi ne ginshiƙin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi faɗin gaskiya. Harafin farko shi ne halin da aikin yake ciki:

- `R` yana gudana ko yana layin jiran CPU
- `S` yana barci yana jiran wani abu, kuma a haka mafi yawan ayyuka suke
- `D` yana jiran faifai ko wata na'ura, ba ya sauraren kowa
- `T` an tsayar da shi, misali da Ctrl+Z
- `Z` ya mutu amma ba a share sunansa ba
- `I` aikin kenel ne da ba shi da abin yi

Haruffan da ke biye ƙarin bayani ne: `s` shugaban zama, `l` mai zare da yawa (thread, wato rassan da ke gudana tare a cikin aiki ɗaya), `+` shi ke riƙe da taminal, `<` an fifita shi, `N` an rage masa fifiko.

`ps` ya ce aikin kashi 2 yake ci, `top` ya ce kashi 95. Wa ke ƙarya?

Babu. Abu daban suke aunawa. `ps` yana raba jimillar lokacin CPU da aikin ya ci da tsawon rayuwarsa gaba ɗaya. Aikin da ya yi kwana goma yana barci, sannan ya haukace minti biyar da suka wuce, a `ps` zai fito kamar salihi. `top` kuwa yana auna tsakanin sabuntawa biyu, wato daƙiƙa 3 in ba a canza ba. Don haka `ps aux --sort=-%cpu` ba ya amsa tambayar "wa ke cin CPU yanzu", duk da cewa shi aka fi ba mutane. Ga tambayar yanzu, `top` ne ko `pidstat 1 5` daga kunshin sysstat, wanda zai auna sau biyar, daƙiƙa ɗaya-ɗaya, ya fitar da matsakaici.

A cikin `top`, babban `P` yana jerawa bisa CPU, babban `M` bisa RAM, `c` yana nuna cikakken umarni, `1` yana raba kowace ƙwaƙwalwar CPU a layinta, `u` yana tace asusu ɗaya, `q` fita. In kana son ajiye sakamakon a fayil, yi `top -b -n 2 -d 1 > hoto.txt` ka karanta zagaye na biyu, don na farko ba shi da ma'aunin baya mai kyau da zai kwatanta da shi.

Ta yaya aiki ɗaya zai ci kashi 380 cikin ɗari?

`top` yana ɗaukar ƙwaƙwalwar CPU ɗaya a matsayin 100. Na'ura mai ƙwaƙwalwa huɗu tana da 400, aiki mai zare da yawa kuma yana iya cin kusan duka. Buga `nproc` ka san adadin naka. Babban `I` a cikin `top` yana mayar da lissafin bisa na'urar gaba ɗaya.

Da wannan adadin ake fassara lambobi ukun da ke saman allo bayan `load average`, waɗanda su ne matsakaicin minti 1 da 5 da 15. Nauyi 4.0 a na'ura mai ƙwaƙwalwa huɗu cikawa ce daidai, a mai ƙwaƙwalwa ɗaya kuwa uku suna layi. Amma akwai tarko: Linux yana ƙirga ayyukan da ke halin `D` a cikin wannan nauyi, ba masu jiran CPU kaɗai ba. Za ka iya ganin nauyi 30 alhali CPU na hutawa. Sai ka duba layin `%Cpu(s)`. In `wa` ya yi sama, faifai ne ya gaza, sai `sudo iotop -o` ya nuna mai rubutun. In `st` ne ya yi sama, kuma sabar haya ce, to maƙwabtanka a na'urar kamfanin ne ke cinye lokacin, ba wani aiki a wajenka da za ka kashe ya gyaru. Ko ka yi wa kamfanin magana, ko ka tashi.

Sai na saka htop?

Ba dole ba ne, amma wannan ɗan'uwan `top` ɗin yana sauƙaƙa rayuwa: `sudo apt install htop`. Hisham Muhammad, ɗan Brazil, ya fara rubuta shi a 2004. F5 yana nuna ayyuka a tsarin bishiya, F6 zaɓen jeri, F4 tacewa, F9 aika sigina. Abu ɗaya ke ruɗa sabon shiga: htop yana nuna kowane zare a layinsa, sai ka ga mysqld sau talatin, kowanne da RAM iri ɗaya. Aiki ɗaya ne. Danna babban `H` su ɓace. Duk da haka a koyi `ps` da `top` sosai, don ranar da aka shiga sabar da ta ƙi intanet, su za a tarar.

Na tara RSS na duk ayyuka, jimillar ta fi RAM ɗin na'urar. Ya aka yi?

RSS yana ƙirga abin da ake tarayya a kai sau da yawa. In ayyukan php-fpm ashirin suna amfani da laburare ɗaya da ke zaune sau ɗaya a RAM, kowannensu zai ƙirga shi a nasa. PostgreSQL ya fi kowa wannan, saboda kowane haɗi aiki ne daban kuma duk suna taɓa ma'ajiya ɗaya. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne PSS, wanda ke raba abin tarayya tsakanin masu shi:

```
sudo grep Pss: /proc/912/smaps_rollup
```

Manhajar `smem` tana yin wannan lissafi ga duk ayyuka. Game da na'urar gaba ɗaya kuma, a `free -h` ginshiƙin `available` za ka duba, ba `free` ba. Linux yana cika RAM ɗin da ba kowa da kwafin fayiloli don saurin aiki, yana kuma sakinsa da zarar an buƙata.

Na yi `ps aux | grep nginx`, layi ɗaya ya fito, amma shafin ba ya buɗewa.

Karanta ƙarshen layin. In ka ga `grep --color=auto nginx`, to grep ne ya ga kansa, nginx kuwa ba ya gudana. Tsohuwar dabara ita ce `ps aux | grep '[n]ginx'`, amma `pgrep -a nginx` ya fi tsafta: in babu, ba zai buga komai ba.

`pgrep` ma yana da nasa hali. Sunan aikin kaɗai yake dubawa, kenel kuma haruffa 15 na farko kawai yake ajiyewa na sunan. Saboda haka `pgrep systemd-journald` ba zai samu komai ba, don sunan haruffa 16 ne. Haka nan manhajar Python da ka tayar da `python3 bot.py` sunanta `python3` ne, ba `bot.py` ba. A duka biyun ƙara `-f` don ya duba cikakken umarnin: `pgrep -af bot.py`.

Tunda `pkill` da `pgrep` hanyar nema ɗaya suke bi, kada ka buga `pkill -f` sai ka fara buga `pgrep -af` da kalmar nan ɗin ka ga su wa za ta shafa. `pkill -f app` zai kwashe duk wanda ke da waɗannan haruffa uku a ko'ina cikin umarninsa.

Na kashe aiki, bayan daƙiƙa kaɗan ya dawo da sabuwar lamba.

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Akwai wanda aka ɗora wa alhakin tayar da shi, shi za ka nema. Fara da uwar:

```
ps -o ppid= -p 20417
pstree -sp 20417
systemctl status 20417
```

Na farko zai ba ka lambar uwar. Na biyu, daga kunshin psmisc, zai zana silsilar tun daga PID 1. Na uku mutane kaɗan suka san shi: `systemctl status` yana karɓar PID, ya gaya maka hidimar da aikin ke ƙarƙashinta, da layukan ƙarshe na rahotonta. In hidimar tana da `Restart=always`, komai yawan kisan da ka yi systemd zai tayar da ita. Maganin shi ne `sudo systemctl stop` da sunan hidimar, in ba ka son ta tashi bayan an sake kunna na'ura kuma ka ƙara `disable`.

In uwar nginx ce ko apache2 ko php-fpm, 'ya'yan ma'aikata ne, maye gurbinsu aikinta ne. In pm2 ce ko supervisord ko containerd-shim, ta hanyarsu za ka tsayar da shi. In PPID ɗin 1 ne kuma ba hidimar systemd ba ce, to maraya ne: uwar ta mutu PID 1 ya ɗauke shi riƙo. A nan sai a duba `crontab -l` na asusun da ke da aikin, da `/etc/cron.d`, da `systemctl list-timers`.

Manhajata ta ce `Address already in use`. Wa ya riƙe ƙofar (port)?

```
sudo ss -ltnp 'sport = :8080'
sudo lsof -i :8080
```

Kowanne zai ba da suna da PID. Kada a manta `sudo`: ba tare da shi ba `ss` zai nuna ƙofar a riƙe amma gurbin sunan babu komai in aikin na wani asusu ne, `lsof` kuma zai yi shiru kamar ba kowa. Sau da yawa mai laifin kwafin manhajarka ne da ka danna wa Ctrl+Z kana zaton ka rufe ta. Ctrl+Z tsayarwa yake yi, aikin na nan a halin `T` riƙe da ƙofarsa. Buga `jobs`, ka dawo da shi da `fg`, ka rufe da Ctrl+C. In ƙofa 53 ce a Ubuntu 18.04 zuwa sama, systemd-resolved ne ke zaune a 127.0.0.53, kuma kashe shi kai tsaye zai hana na'urar gane sunayen shafuka.

Me ya sa ake cewa kada a fara da `kill -9`?

`kill 912` yana aika sigina mai lamba 15, SIGTERM, wadda roƙo ce: aikin zai ji, ya ƙarasa rubutun da yake yi, ya rufe fayiloli, ya sallami 'ya'yansa, ya fita. Lamba 9, SIGKILL, ba ta ma isa wajen aikin, kenel ne ke fizge shi nan take. Abin da ke hannunsa bai kai faifai ba ya tafi, fayilolin kulle su zauna, 'ya'ya su zama marayu. Shi ya sa wanda ya yi wa apt `-9` a tsakiyar saka manhaja kan ƙare da `sudo dpkg --configure -a`. Ka aika 15, ka jira, ka duba, sannan 9. Haka systemd ke yi, yana jiran daƙiƙa 90 kafin ya fizge. `docker stop` yana jiran 10.

A sake duba lambar dab da kisa. Ana sake amfani da PID bayan mai shi ya mutu, kuma a na'urar da iyakarta 32768 ce lambobin kan zagayo da wuri. `cat /proc/sys/kernel/pid_max` zai nuna taka. A sababbin na'urori masu bit 64 za ka ga 4194304. Kuma a yi hattara da `kill -9 -1`: wannan `-1` na nufin duk aikin da kake da ikon kashewa.

Na yi `kill -9` amma aikin na nan.

Duba STAT. Ɗaya daga biyu ne, `Z` ko `D`.

In `Z` ne, da `<defunct>` a gefen sunan, aikin ya riga ya mutu, ba a kashe gawa. Ya saki RAM da fayilolinsa, abin da ya rage layi ɗaya ne a rajista da ke jiran uwar ta zo ta karɓi sakamakon fitarsa. Laifin na uwar ne da ba ta zo ba. Guda biyu ko uku ba sa cutar da komai, a ƙyale su. In suna taruwa ɗari-ɗari, za su iya cinye lambobi har a kasa tayar da sabon aiki. Nemo uwar:

```
ps -eo pid,ppid,stat,cmd | awk '$3 ~ /^Z/'
```

Ka sake tayar da ita. Da ta mutu PID 1 zai gaji gawarwakin ya share su nan da nan.

`D` ya fi tsanani. Aikin ya shiga kenel yana jiran faifai ko na'ura ta amsa, siginarka kuma tana ajiye sai ya fito. Shiga `D` na ɗan ƙiftawar ido al'ada ce. Wanda ya yi minti yana ciki, akwai matsala a ƙasa: faifai mai mutuwa, filashin da aka zare ana cikin rubutu, ko foldar NFS, wato wadda ke kan wata saba ta hanyar sadarwa, da sabarta ta ɓace. Wasu jiran, kamar na NFS a kenel na zamani, suna amsa `-9`, na faifai kuwa ba sa amsawa. Duba `sudo cat /proc/PID/stack` ka ga inda ya maƙale, sannan `sudo dmesg -T | tail -n 50`. In ka ga `I/O error` ko `blocked for more than 120 seconds`, bar batun kisa, ka fara kwashe bayananka zuwa wani wuri tun faifan na amsawa. Sau da yawa sake kunna na'ura ne kawai ke fitar da irin wannan aiki.

Aikina ya ɓace cikin dare, ba wanda ya taɓa shi.

Wanda ake fara zargi shi ne kenel. In RAM ta ƙare ƙaf, yakan zaɓi aiki ɗaya, yawanci mafi girma, ya fizge shi don sauran su rayu. A ƙaramar saba mai gigabait 1, mysqld ne ke shan wannan kusan kullum, ko da php-fpm ne ya cinye wurin.

```
sudo journalctl -k | grep -i 'killed process'
```

Layin zai fara da `Out of memory: Killed process`, da PID da suna da yawan abin da yake riƙe da shi. Lambar fita 137 ma alama ce, wato 128 a tara da 9. A Ubuntu 22.04 na tebur akwai systemd-oomd da ke yin irin wannan tun kafin kenel, rahotonsa na `journalctl -u systemd-oomd`. Gyaran shi ne rage `pm.max_children` na php-fpm ko makamancinsa, ƙara swap (wuri a faifai da ke tallafa wa RAM), ko ƙara RAM.

In ba wannan ba ne, tambayi kanka ko ta SSH ka tayar da aikin. Da haɗin ya yanke, ana aika wa ayyukan taminal ɗin SIGHUP su mutu. Inda intanet ke yawan ɗaukewa, duk aiki mai tsawo a tayar da shi cikin `tmux`, in an dawo a buga `tmux attach`.

Na ga wani aiki da ban sani ba yana cin CPU duka. Ta yaya zan gane ko ɓarawo ne?

Kada ka yarda da sunan, aiki na iya sa wa kansa duk sunan da ya ga dama. Foldar `/proc` za ka tambaya:

```
sudo ls -l /proc/4312/exe /proc/4312/cwd
sudo tr '\0' ' ' < /proc/4312/cmdline
sudo ls -l /proc/4312/fd
sudo ss -tnp | grep 4312
```

`exe` yana nuna ainihin fayil ɗin da aka tayar. Manhajar gaskiya yawanci a ƙarƙashin `/usr` ko `/opt` take zama, kuma `dpkg -S` da hanyar fayil ɗin zai faɗi kunshin da ya kawo ta. In ya nuna `/tmp` ko `/var/tmp` ko `/dev/shm`, ko kuma fayil ɗin da aka goge bayan tayarwa, to akwai magana. Masu haƙar kuɗin kirifto da sabar mutane suna son kwaikwayon sunayen kenel. Wanda aka fi sani shi ne `kdevtmpfsi` na muguwar manhajar Kinsing, da ke kwaikwayon `kdevtmpfs` na gaskiya da ƙarin harafi ɗaya, kuma yakan shigo ta Redis marar kalmar sirri ko ƙofar Docker 2375 da aka bari a buɗe. Rarrabewa ba wuya: aikin kenel na gaskiya PPID ɗinsa 2 ne, RSS sifili, kuma `exe` ɗinsa ba ya nuna ko'ina.

Kafin kisa, daskarar da shi da `sudo kill -STOP 4312`, ka kwafe `/proc/4312/exe` zuwa wani wuri, ka duba crontab na kowane asusu da `authorized_keys`. In `top` ya nuna CPU a cike amma ba aikin da ke ɗauke da nauyin, mai yiwuwa an ɓoye shi: duba ko akwai wani abu a `/etc/ld.so.preload`, ka kuma buga `dpkg --verify procps`. Ra'ayinmu a nan ba sassauci: in ɓarawon ya kai ga root, kada a tsaya shara. A kwashe bayanai, a gina sabuwar saba, a toshe ƙofar da ya bi, a canza duk kalmomin sirri.

Na goge babban fayil amma `df` ya ce faifai na nan a cike.

Wani aiki na riƙe da fayil ɗin a buɗe, kuma wurin ba zai dawo ba sai ya saki. `sudo lsof +L1` zai nuna shi da PID da lambar FD, wato lambar da aikin ke riƙe da fayil ɗin da ita. Sake tayar da hidimar ya isa. In ba ta tsayuwa yanzu, kuma fayil ɗin rahoto ne kawai, `sudo truncate -s 0 /proc/PID/fd/LAMBA` zai zazzage shi.

A cikin kwantenar Docker an ce `ps: command not found`.

Ƙananan hotunan (image) Debian da ake gina kwantena a kansu ba sa zuwa da shi. Ko ka saka da `apt install procps`, ko daga waje ka buga `docker top` da sunan kwantenar. A Alpine akwai `ps` amma na BusyBox ne, ba ya jin `--sort`. Lambobin ciki da na waje sun bambanta: aikin da yake PID 1 a cikin kwantena yana da wata lamba a uwar na'ura. In gawarwakin `Z` suna taruwa a kwantena, dalilin shi ne manhajarka ce PID 1 kuma ba ta san aikin share marayu ba. Tayar da ita da `docker run --init`.

Sauran masu asusu a sabar suna ganin abin da nake gudanarwa?

Suna gani, har da duk abin da ka rubuta a layin umarnin. Kalmar sirrin da aka liƙa wa `curl -u` ko `sshpass -p` ko wata manhajar da ka rubuta na iya bayyana a `ps aux` na kowa. Shi ya sa mysql ke gargaɗi in ka sa ta bayan `-p`. A ajiye ta a fayil mai izinin 600. Mai riƙe da sabar da jama'a ke shiga na iya ɗaura `/proc` da `hidepid=2`, kowa ya riƙa ganin nasa kawai.

A Windows fa?

A cmd, `tasklist` ne. `tasklist /svc` yana nuna hidimomin da ke cikin kowane svchost.exe, `tasklist /fi "imagename eq chrome.exe"` kuma yana tacewa. Mai riƙe da ƙofa: `netstat -ano | findstr :8080`, lambar ƙarshe a layin ita ce PID. Kisa: `taskkill /pid 4312`, a ƙara `/f` don tilas, `/t` don haɗawa da 'ya'ya. Masu XAMPP kan tarar da ƙofa 80 a hannun PID 4. Wannan System ne, ba ya kasuwa, yana riƙe da ita ne a madadin IIS ko wata hidima, `netsh http show servicestate` kuma zai taimaka wajen gano ta.

A PowerShell `ps` laƙabin `Get-Process` ne, don haka `ps aux` zai ba da kuskure. Ginshiƙin CPU a can daƙiƙoƙi ne da aka tara, ba kashi ba. Don ganin cikakken umarni: `Get-CimInstance Win32_Process | select ProcessId, CommandLine`.

macOS da wayar Android?

A macOS `ps aux` na aiki, amma babu `/proc`, babu `--sort`, babu `ss`. Jeri bisa CPU `ps aux -r` ne, bisa RAM `ps aux -m`, ko `top -o cpu`. PID 1 launchd ne. In manhajar Flask ta ƙi ƙofa 5000 tun daga Monterey na 2021, `lsof -nP -iTCP:5000 -sTCP:LISTEN` zai nuna ControlCenter, wato AirPlay Receiver. A kashe shi a saituna ko a koma 5001.

A Termux, `ps` da `top` da `htop` ayyukan Termux kawai za su nuna, saboda tun Android 7 an hana manhajoji leƙa na juna. Ba lalacewa ba ce, kuma ba kunshin da za a saka ya gyara. Don ganin na wayar duka, kunna USB debugging, haɗa ta da kwamfuta, ka buga `adb shell ps -A` ko `adb shell top`.